Tabo A Takarda: Shin Ya Dace A Rubuta Korar Ɗalibi A Sakamakonsa?

Yau sharhi na zo muku da shi a kan wata muhawara da aka fi shekara 10 ana tafkawa a jami'o'in Amurka, kuma har yanzu ba a ga ƙarshenta ba. Tambayar a baki gajeruwa ce: idan jami'a ta dakatar da ɗalibi ko ta kore shi saboda wani laifi, shin ya dace a rubuta hakan a jikin takardar sakamakon karatunsa, ko kuwa a bar takardar da makinta kawai, maganar laifi kuma a kulle ta a durowar ofis? Wasu jihohin can har sun kafa doka a kai, wasu sun ƙi, kuma kowane ɓangare in ya kawo hujjarsa sai ka yi shiru kana jinjina kai.

Da farko bari mu san takardar da ake magana a kanta. Ita ce wadda 'yan boko ke kira taranskirif. Daban take da shaidar digiri, wannan da ake sa wa gilashi a rataye a falo. Taranskirif ita ke ɗauke da jerin duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya ɗauka tun shekararsa ta farko, da makin da ya ci a kowanne, har da wanda ya faɗi ya maimaita. Ofishin magatakardan jami'a ne ke fitar da ita, kuma galibi kai-tsaye yake aika ta ga makarantar da ta nema. In za ka koma wata jami'a, ko za ka yi digiri na biyu, ko za ka shiga makarantar lauyoyi ko ta likitoci, sai an tambaye ka ita. A Amurka kuwa sauya makaranta ba baƙon abu ba ne, sama da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai kan sauya, ga kuma manyan makarantu kusan 4,000 a ƙasar. Ke nan wanda aka kora a nan yau, gobe yana iya ɓulla a can da takardarsa fes, ba wanda ya san hawa balle sauka.

Akwai ƙungiyar magatakardan jami'o'in Amurka da ake kira AACRAO, wadda ita ke ba da shawarar abin da ya kamata ya shiga takardar. A shekarar 1996 ta ba mambobinta shawarar su daina rubuta hukuncin ladabtarwa a ciki, wai takarda ce ta karatu, a bar ta a kan karatu. Makarantu da yawa suka bi. Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, wadda ake kira FERPA, ba ta hana wata makaranta sanar da makarantar da ɗalibi zai koma abin da ya faru ba, amma kuma ba ta tilasta mata ba. To kun san halin hukuma, abin da ba dole ba, kuma ana iya kai ka kotu a kansa, sai kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Haka aka yi ta tafiya har sai da wani mummunan al'amari ya girgiza jihar Bajiniya.

A watan Satumba na 2014 wata ɗalibar Jami'ar Bajiniya 'yar shekara 18 mai suna Hannah Graham ta ɓace a garin Charlottesville. Bayan mako biyar aka tsinci gawarta a bayan gari. Wanda aka kama, Jesse Matthew, bincike ya alaƙanta shi da kisan wata ɗalibar kuma, Morgan Harrington, wadda ta ɓace a wannan garin a 2009. A watan Maris na 2016 ya amsa laifin kisan su biyun, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai har huɗu. Abin da ya fi tayar wa mutane da hankali shi ne da aka tono tarihinsa. Ashe a 2002 an zarge shi da fyaɗe yana ɗalibi a Jami'ar Liberty, ya bar makarantar. Bai daɗe ba ya samu gurbi a Jami'ar Christopher Newport, can ma a 2003 aka sake yi masa irin wannan zargi, nan ma ya tattara ya bar ta. Duka biyun ba a gurfanar da shi a kotu ba. Jama'a suka ce to ina amfanin a ce makaranta ta san abu, ta yi shiru, ta bar maƙwabciyarta ta buɗe wa kura ƙofar garke?

Cikin wannan zafi majalisar Bajiniya ta yi doka a 2015. Dokar ta ce duk ɗalibin da aka dakatar, ko aka kora, ko ya janye daga makaranta alhali ana bincikensa a kan cin zarafi ta hanyar lalata, to lallai a rubuta a takardar sakamakonsa inda ido zai gani. A watan Yulin wannan shekarar gwamnan Niyok na lokacin, Andrew Cuomo, ya sa hannu a kan tasu dokar, wadda ta haɗa da sauran laifukan ta'addanci ga jikin mutum ko dukiya, irin su kisa, fashi, mummunan duka da sa wuta. A Niyok wanda aka dakatar yana iya neman a goge masa rubutun, amma sai bayan shekara guda da kammala wa'adinsa. Wanda aka kora kuwa, nasa ba ya gogewa, sai fa in an soke hukuncin baki ɗaya. Jihar Tekzas ta biyo baya a 2019, bayan hayaniyar da aka yi a kan wani ɗalibi da Jami'ar Baylor ta kora bisa zargin fyaɗe, sai ga shi yana dab da karɓar digiri a Jami'ar Tekzas da ke Dallas. A majalisar tarayya ma wata 'yar majalisa, Jackie Speier, ta gabatar da ƙudiri a 2016 don a yi dokar ƙasa baki ɗaya, amma bai kai labari ba. Ita kanta AACRAO a 2017 ta sauya murya, ta ce makaranta tana da nauyin sanar da 'yar'uwarta idan ɗalibi yana iya zama haɗari ga mutane.

Ni dai in aka tambaye ni, hujjar masu son a rubuta ba ta da wuyar fahimta ga Bahaushe, domin muna da irinta a gida. Ku dubi binciken aure. Mutum ya zo maka ya ce wane yana neman 'yata, kai kuma maƙwabcinsa ne, ka san da idonka cewa matarsa ta fari sai da ya karya mata hannu kafin ta fita. In ka ce masa "ai yaron kirki ne", ko ka yi shiru da sunan rufin asiri, to duk dukan da yarinyar nan za ta sha kana da kamasho a ciki. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce inda shirunka zai zama ramin da wani bawan Allah zai faɗa. Jami'ar da ta zauna ta binciki ɗalibi, ta gamsu cewa bai kamata ya ci gaba da kwana a ɗakunan kwanan ɗalibanta ba, sannan ta miƙa masa takarda wankakkiya ya kai wa wata makarantar, ta yi abin da Hausawa ke cewa kashin kaji ta shafa wa wani. 'Ya'yan waccan makarantar su ma ai 'ya'yan mutane ne.

Akwai kuma wata dabara da dokokin suka zo toshewa. Ɗalibi in ya ga ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada, kwamiti ya kusa zama a kansa, sai ya rubuta takardar janyewa ya kama gabansa. Makaranta ita ma sai ta yi ajiyar zuciya ta rufe fayil, tunda mai laifi ya tafi, sunanta bai fito a jarida ba. Wadda aka zalunta kuwa a bar ta da kuka. Wanda mahaifinsa ke da kuɗin ɗaukar lauya shi ya fi sanin wannan ƙofa, kuma shi ya fi saurin bi ta cikinta.

To amma fa kada mu yi saurin tafa hannu. Mu koma kan binciken auren nan. Idan abin da ka sani game da wane jita-jita ce kawai da ka tsinta a majalisar shayi, ka ɗauka ka kai wa uban yarinya a matsayin tabbas, ka yi ƙazafi. Idan kuma laifinsa shi ne ya taɓa haura katanga ya tsinki mangwaron mutane yana ɗan shekara 15, ka je kana tayar da maganar yanzu da ya kai 30, tonon silili ka yi. Nan ne matsalar take, domin kwamitin ladabtarwa na jami'a ba kotu ba ce. Malamai ne da ma'aikatan ofis, wani lokaci da wakilan ɗalibai. A kotu ba a ɗaure mutum sai hujja ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A yawancin jami'o'in Amurka kuwa ya isa a ce zargin ya fi kama da gaskiya a kan ƙarya, wato ma'auni ya rinjaya ko da da ƙwayar gero ɗaya.

Kuma shi kansa ma'aunin bai zauna wuri ɗaya ba. A 2011 gwamnatin Obama ta umarci makarantu su yi aiki da wannan sassauƙan ma'auni a shari'o'in lalata. A 2017 gwamnatin Trump ta janye umarnin. A 2020 ta fito da sabbin ƙa'idoji da suka wajabta zama ido da ido, tare da ba wakilin kowane ɓangare damar yi wa ɗayan tambayoyi. A 2024 gwamnatin Biden ta sassauta wannan sharaɗi. A watan Janairun 2025 wani alƙalin tarayya a jihar Kentucky ya soke ƙa'idojin Biden, aka koma kan na 2020. Cikin shekara 14 an taɓa mudun har sau biyar. Ɗalibai biyu masu zargi iri ɗaya, wani a same shi da laifi, wani ya kuɓuta, bambancinsu kawai shekarar da aka zauna a kansu. Amma rubutun da za a yi wa na farkon, a wuri irin Niyok, zai bi shi har tsufa.

Wannan tambaya ta ko jami'a tana iya zama kotu, mu ma nan Nijeriya an taɓa kai ta har ƙoli. A watan Fabrairun 1983 ɗalibai suka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, hukumar jami'a ta kori wasu. Suka garzaya kotu, marigayi Gani Fawehinmi ya tsaya musu, shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken, wato mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ga shi mai ƙara ga shi alƙali. Ta kuma ce abubuwan da ake zargin yaran da su manyan laifuka ne da kotu ce ke da hurumin yanke hukunci a kansu. Ku ƙaddara an riga an buga wa yaran nan tambari a takardunsu tun 1983, an aika wa makarantu, sai bayan shekara uku a ce an yi kuskure. Wa zai bi ya tattaro takardun?

Abin da zai ba ku mamaki, cikin masu adawa da dokar tilasta rubutun har da wasu masu fafutukar kare matan da aka ci zarafinsu, irin su ƙungiyar Know Your IX. Dalilinsu shi ne sau da yawa wanda ya yi laifin sananne ne ga yarinyar, ɗan ajinsu ne ko tsohon saurayinta. Abin da take so shi ne a raba ta da shi ta samu ta ƙarasa karatunta cikin natsuwa. In ta san ƙararta za ta rufe masa ƙofar kowace makaranta har abada, tana iya haɗiye maganar, ko don tausayi ko don tsoron abin da abokansa za su yi mata. Su ma 'yan kwamiti, in suka san sa hannunsu na nufin kashe makomar yaro ɗungurungum, sai hannun ya yi nauyi, su ce ba a samu hujja ba. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Sai kuma maganar a kan wa sandar ke sauka. Akwai wata kafa da ake kira Common App, wadda ta cikinta ake neman gurbi a makarantu sama da 1,000. Tun 2006 tana tambayar mai nema ko an taɓa ladabtar da shi a makarantar da ya fito. Daga 2021 ta cire tambayar, bayan ta duba alƙalumanta ta ga baƙaƙen fata suna amsa "e" fiye da ninki biyu na farare. A sakandare ne wannan, amma darasin ɗaya ne: duk inda hukunci ke bin fuska, rubuta shi a takarda dawwamar da son kai ne. Baƙo ma yana cikin sahun gaba wajen shan wuya. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya kimanin 20,000 ne ke karatu a Amurka, kuma bizar ɗalibi a ɗaure take da kasancewarsa cikakken ɗalibi, in an dakatar da shi zamansa a ƙasar ma yana iya tashi. Kada kuma mu manta ba duk kora ce ta fyaɗe ko duka ba. A watan Maris na 2025 Jami'ar Columbia ta kori wasu ɗalibai ta dakatar da wasu, saboda mamaye wani gini da suka yi a watan Afrilun 2024 lokacin zanga-zangar yaƙin Gaza. Kowa da ra'ayinsa a kan abin da suka yi, amma wa zai ce a zuba su a kwando ɗaya da mai fyaɗe? Mai karanta takarda kuwa in ya ga kalmar "an kore shi" ba tare da bayani ba, mafi munin abu zai fara kawowa a ransa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba game da Jesse Matthew: lokacin da ya kashe 'yan matan nan biyu ya daɗe da barin karatu. A 2009 direban tasi ne, a 2014 kuma ma'aikaci ne a asibitin jami'ar. Iyakar abin da rubutu a takarda zai iya yi shi ne ya hana shi shiga makaranta ta biyu a 2003, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta yi ƙararsa a can. Amma wanda ya kai wannan matsayi na mugunta, maganinsa 'yan sanda da kurkuku. Hana shi aji ba ya hana shi titi. Dokar da aka yi cikin hawaye takan yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinta.

To ina na tsaya? Ni ina ganin a rubuta, amma da sharuɗɗa, in babu su gara a bari.

Na ɗaya, a taƙaita shi ga laifin da ya taɓa jikin mutum ko ya jefa rai cikin haɗari: fyaɗe, mummunan duka, makami, sa wuta. Hayaniya a ɗakin kwana, rashin kunya ga malami, zanga-zangar da ba a ji wa kowa ciwo ba, waɗannan su tsaya a fayil ɗin ofis.

Na biyu, kada alƙalami ya taɓa takarda sai an yi wa ɗalibi adalcin da ake gani da ido. A gaya masa abin da ake zarginsa da shi a rubuce, ya ga hujjojin, ya zo da mai tsaya masa, a saurari shaidunsa, wanda abin ya shafa kada ya zauna a kujerar hukunci, sannan a ba shi damar ɗaukaka ƙara. Gwargwadon nauyin tabo, gwargwadon nauyin hujjar da za a nema.

Na uku, wanda ya janye ana tsakiyar bincike, a nan tsarin Tekzas ya fi kwanta mini. Dokarsu ta ce makaranta ba za ta rufe maganar ba don ɗalibi ya tafi, sai ta ci gaba har ta kai ga hukunci. In an same shi da laifi a rubuta, in an wanke shi takardarsa ta fita fes. Wannan ya fi a bar mutum da rubutun "ya tafi ana tuhumarsa" shekara da shekaru, ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba.

Na huɗu, kowane tabo ya zo da hanyar goge shi. Jami'ar Maryland tana da wani tsari a kan satar jarrabawa da ya burge ni. Wanda aka kama ana sa masa makin XF, wato ya faɗi kwas saboda rashin gaskiya, kowa ya gani. Amma bayan shekara guda, in bai sake ba kuma ya halarci darasin gyaran hali da aka tanada, yana iya roƙon a cire X ɗin ya rage F kawai. Ya sha hukunci, an kuma bar masa ƙofar dawowa. Ko wanda aka kora a kan babban laifi, ina ganin bayan wasu shekaru a ba shi damar ya tsaya gaban wani kwamiti daban ya nuna abin da ya zama. Ana cewa hali zanen dutse, gaskiya ne ga wasu. Amma duk wanda ya kai shekara 40 ya san mutanen da yake gudu suna samari, yau su ne dattawan unguwa.

Mu masu karatun littattafai mun saba da labari iri biyu. Akwai na ɗan mai kuɗin da ya lalata rayuwar yarinya, ubansa ya shafe maganar, ya sauya masa makaranta kamar ba a yi komai ba. Akwai kuma na yaron kirkin da aka ƙulla wa sharri aka kore shi ana saura wata uku ya gama. A littafi marubuci ya san wane ne wane, kuma kafin shafin ƙarshe zai saka wa kowa. Magatakardan jami'a ba shi da wannan gata. Su biyun a gabansa suke, kowanne yana rantsuwa, alƙalami ɗaya ne kuma a hannunsa. Dokar da za ta yi amfani ita ce wadda aka rubuta ana tuna cewa duka yaran nan biyu suna nan a duniya, haka ma yarinyar da ke jiran a yi mata adalci, da wata yarinyar a wata makaranta da ba ta ma san ana maganarta ba.

Allah ya kare mana zuri'a, ya hana mu zalunta ko a zalunce mu.